Baka biyu sun isa su ɓata maka aiki a JavaScript

Kai da ka fara koyon JavaScript a YouTube, tsaya ka ji. Fankishin tamkar ɗan aike ne, ambaton sunansa daban, kiransa daban. Ka rubuta gaisa, sunansa ka faɗa. Ka rubuta gaisa(), ka tashe shi aiki nan take.

Nan da yawa ke tuntuɓe. Kana so gaisuwa ta fito bayan daƙiƙa uku, sai ka rubuta setTimeout(gaisa(), 3000). Ai kuwa kafin ƙiftawar ido ta fito, don ka riga ka kira shi da kanka. Cire baka biyun da ke bayan gaisa, shi ke nan.

Abin haushin, yaren nan ba ya tsawatarwa. Fankishin na jiran saƙo biyu, ka ba shi ɗaya, ba zai ce uffan ba. Na biyun ya zama undefined, lissafin kuɗin kwastoma ya koma NaN a gaban mai shago. Alhali tun 2015 ana iya ajiye na ko-ta-kwana: function farashi(kudi, ragi = 0).

Ni dai a ganina, in wannan bai zauna maka ba, ka ɗan dakata da React tukuna.