Dutsen Bagale Na Jiran Masu Hawa

Duk wanda ya tsaya a kan gadar Jimeta da sassafe ya dubi arewa maso gabas, zai hangi wani dogon dutse ya miƙe a hayin kogin Binuwai. Shi ne Dutsen Bagale. Dubban mutane su kan wuce shi kullum a kan hanyar Girei da Mubi, amma kaɗan ne suka taɓa taka shi da ƙafa.

A ƙasashen da ke bakin teku, mutane sun mai da yawon ƙafa a kan tsaunukan gaɓa abin shaƙatawa, kuma hanyar samun kuɗi. A kudu maso yammacin Ingila akwai wata hanyar ƙafa mai tsawon mil 630 wadda ta bi gaɓar teku, ƙauyukan da ke kanta suna cin abinci da baƙin da ke binta. Jihar Adamawa ba ta da teku, amma Allah ya ba ta Binuwai, wanda ya taso daga Kamaru ya yi tafiyar wajen kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Ya kuma ba ta tsaunin da mutum zai hau ya ga kogin shimfiɗe a ƙarƙashinsa, ga Jimeta, ga Yola, ga duwatsun Verre can kudu idan gari ya yi garau.

Dutsen kuwa yana da tarihi. Sa'ad da Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, mutanen Bata ne ke zaune a Bagale, suka kuwa daɗe suna fakewa da tsaunin ba su miƙa wuya ba. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso Yola a watan Yuni 1851, ya ga dutsen ya kuma rubuta labarinsa. Sai a 1853, zamanin Lamido Lawal, aka ci Bagale. Watau yaron makarantar da aka kai can zai taka wurin da aka yi abin da ake karanta masa a aji.

Hawan dutse ba baƙon abu ba ne a wannan jiha. A Sukur, cikin Ƙaramar Hukumar Madagali, kakanni sun shimfiɗa hanyoyin dutse tun daga gindin tsauni har zuwa fadar sarkinsu, wanda ake kira Hidi. Saboda waɗannan hanyoyi da gonakin da aka tsara hawa-hawa a jikin tsauni da aikin narka ƙarfe, Hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, shi ne kuwa na farko a Nijeriya. Amma a 2014 'yan Boko Haram suka kai wa wurin hari suka ƙona gidaje, baƙi suka ɗauke ƙafa. Wannan ya nuna cewa kome kyawun wuri, in babu zaman lafiya ba mai zuwa.

Bagale ma tana da nata maƙiya. Jimeta na ƙara girma, buƙatar itacen girki da gawayi da duwatsun gini na ƙaruwa, tsaunukan da ke kusa da gari su ne ke biyan wannan bashi. In aka sare itatuwan gangare, ruwan damina ya kan kwashe ƙasa ya zuba cikin kogi, kogin ya cushe da yashi. Mutanen da suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ba su bukatar a yi musu dogon bayani.

Abin da ake buƙata ba mai tsada ba ne. Gwamnatin Jiha da Ƙaramar Hukumar Girei da Masarautar Adamawa su shata hanyar ƙafa guda, a sa mata alamu, a ɗauki samarin ƙauyukan gindin dutsen su zama 'yan jagora. Wanda ke samun abin sa wa a baki daga dutse ba zai yarda a lalata shi ba. Jami'ar Modibbo Adama kuwa tana nan kusa, ɗalibanta na iya ƙidaya itatuwa da tsuntsayen wurin.

Mai niyyar hawa ya zaɓi watan Oktoba ko Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya rufe gari. A watan Maris da Afrilu zafin Yola ya kan haura digiri 40, hawa a lokacin ganganci ne. A tashi da asuba, a riƙe isasshen ruwa, a tafi cikin ayari, a kuma fara gaida mai unguwa a nemi izni da ɗan jagora, don ɗan gari shi ya san inda ake bi da inda ba a bi. Allah ya kiyaye hanya.