Daga Allon Malam: Ziyarar Babbar Kanisar Hartum

A wannan wata filin namu zai leƙa wani gini da yawancinmu suka sha wucewa ta gabansa ba su shiga ba, wato babbar kanisar Katolika ta Matta da ke kan titin Nilu a Hartum. Bahar Azrak ɗin nan da ke ratsa madatsarmu ta Rusairis shi ne yake wucewa ta gabanta, dab da inda zai haɗu da Farin Nilu.

Na shiga cikinta a hutun makaranta na shekarar 2019, kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya ɗaiɗaita tsakiyar birnin. Daga waje sai ka ce fadar wani sarki ta cikin tatsuniya: hasumiyoyi sirara masu tsini, da wata babbar taga zagayayya kamar faifai, an yi mata ado tamkar fure. Na nemi izini wajen mai gadi, ya ce bismilla, ba a cire takalmi, sai dai a sassauta murya. Ciki kuwa sanyi da shiru, ga bencina jere reras har gaba inda limaminsu yake tsayawa, ga hotuna goma sha huɗu a jikin bango da ke ba da labarin gicciye bisa ga imaninsu. Mu ba mu sa hoto a masallaci, kuma aƙidarmu game da Annabi Isa, alaihissalam, dabam take. Amma baƙo da ladabi aka san shi, don haka na duba na kama bakina.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mutanen nan suka san tarihinsu daki-daki. 'Yan mishan sun iso Hartum a 1848. Bishop Daniyel Komboni, mutumin Italiya, ya rasu a birnin a 1881. Da Ansar suka ci Hartum a 1885 aikin mishan ya watse, daga baya aka dawo, aka gama wannan gini a 1908 da taimakon kuɗin Sarkin Ostiriya, Faransi Yusufu. A 1929 suka buɗe Kwalejin Komboni, wadda ta yaye 'ya'yan Musulmi bila adadin. Paparoma Yahaya Bulus na Biyu ma ya zo Hartum a watan Fabrairu na 1993. Ban da wannan, ƙa'idarsu ce kowace kanisa ta ajiye littafin da ake rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda ya mutu, da sunan iyaye da kwanan wata.

To, jama'a, mu dubi kanmu. An yi yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a zuwa gabas. Ke nan lokacin da magina suke ɗora tubalin kanisar nan, kakanninmu suna sare daji a bakin wannan kogi, ban da mahajjatan da suka riga su zama. Amma ina littafinmu? Wa ya rubuta shekarar da aka kafa ƙauyensu, ko sunan wanda ya haƙa rijiyar farko? A rikicin Yuli da Oktoba na 2022, lokacin da aka zubar da jini a jihar nan aka ce mana baƙi, hujjarmu mafi yawa tana bakin tsofaffi, su kuwa kullum tafiya suke yi. Ga shi yaƙi da gudun hijira sun ƙara warwatsa su.

Don haka ina roƙon malamai 'yan'uwana da limamai: kowane masallaci ya sami littafi guda. A zauna da dattawa a rubuta daga ina aka taso, wace shekara aka sauka, gonar wa ke iyaka da ta wa. A rubuta da Larabci ko ajami ko boko, duk wanda ya sawwaƙa, a kuma ɗauki hotonsa a waya don gudun gobara. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.