Shayin Karak: Na Wane Ne?

Ya kai mai karatu, idan Allah ya kai ka birnin Doha na ƙasar Katar, ko Dubai ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ka fita da maraice ka sha kallo. Za ka tarar da motocin alfarma sun yi jerin gwano a ƙofar wani ɗan shago. Direba ya danna hon, ya ɗaga yatsu biyu ko uku, nan da nan sai ga ma'aikacin shagon da kofunan takarda a kan faranti. Abin da ke cikinsu shi ne karak: ganyen shayi da aka dafa tare da madarar gwangwani da sukari da wasu 'ya'yan itace masu ƙamshi da Larabawa ke kira hel. Wasu sukan ƙara citta ko kirfa ko za'afaran. Ba a kofi ake haɗa shi ba kamar yadda mai shayin unguwarku yake yi. A kan wuta ake barinsa ya yi ta tafasa har ya yi kauri, launinsa ya koma na jar ƙasa.

Akwai masu cewa wannan shayi ba na Larabawa ba ne, kuma suna da hujja. Sunan kansa daga harsunan Hindi da Urdu ya fito, ma'anarsa "mai ƙarfi". Ganyen shayi ba ya tsira a wannan hamada. Leburori da 'yan tireda na Indiya da Pakistan ne suka yaɗa karak sa'ad da arzikin man fetur ya jawo su yankin, musamman a shekarun 1960 da 1970. A ganin masu wannan ra'ayi, abin shan Balarabe na asali shi ne gahawa, wadda ake miƙa wa baƙo a ɗan finjali tare da dabino, wadda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2015.

Ni dai ban yarda da su ba. Ita kanta gahawar da hel ake ƙamsasa ta, shi kuwa tun asali daga duwatsun kudancin Indiya jiragen ruwa suke kawo shi. Zumuncin yankin da Indiya ya girmi fetur nesa ba kusa ba. Rufi, kuɗin Indiya, ake kashewa a Katar da Dubai har zuwa 1966. Turawan Ingila daga Indiya suka mulki birnin Adan na Yaman har 1937, kuma har gobe mutanen Adan suna tinƙaho da nasu shayin madarar. Kai, ko kalmar "shayi" da kake koyo a wannan aji, Bahaushe a bakin Balarabe ya ji ta, asalinta kuwa daga ƙasar Sin ne. Wa zai ce yau ba Hausa ba ce? Abin da yaro ya tashi yana sha da iyayensa, ya tafi karatu Ingila yana begensa, ai ya zama nasa. Gahawa ta zaure ce, tana da ladubbanta: babba ake fara ba, da hannun dama ake karɓa. Karak kuwa na bakin titi ne. A da, an yi shekara da shekaru ana sayar da kofi dirhami ɗaya a Dubai, attajiri da lebura kuɗi ɗaya suke biya.

Sai dai akwai abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Shayin ya zama ɗan gida, amma mai dafa shi yana nan baƙo. Yawancin masu waɗannan shaguna mutanen jihar Kerala ne ta Indiya, kuma da wuya dokokin ƙasashen su ba irinsu takardar zama ɗan ƙasa, ko da sun tsufa a can. Yanzu manyan gidajen abinci suna sayar da karak da tsada a kofunan tangaran, suna kiransa abin alfaharin ƙasa, ba kasafai ake ambaton waɗanda suka kawo shi ba. Shi kuwa wancan mai farantin, a lokacin bazara da zafi ke haura digiri 40, yana ta kai da kawo tsakanin murhu da tagar mota, mai motar ko gilashi ba ya saukewa duka don kada sanyin ciki ya fita.