Rana Tana Cinye Ƙarfin Magani

'Yan'uwana ɗalibai, ku duba bayan kwalin magani a gida. Galibi an rubuta a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 30 ba. Dalili kuwa, zafi yana sa ƙwayoyin sinadarai su riƙa karo da juna da ƙarfi, sai su yi saurin canzawa. A sinadarai da yawa, ƙarin digiri 10 yakan ninka wannan sauri kusan sau biyu. To, a watan Afrilu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, amma ga masu talla suna yawo da magani a faranti cikin rana. Irin wannan magani yana iya rasa ƙarfinsa tun kafin wa'adinsa ya cika. A ganina, mu roƙi iyayenmu su riƙa saya a kemis, su ajiye a inuwa.