Gurguzu da Carbi

A majalisun Madarunfa har gobe ana jin masu cewa duk wanda ya ambaci gurguzu ya yi hannun riga da addini. Wannan ƙazafi ne, kuma tarihi ya ƙaryata shi.

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ba daga Mosko ta aro kukan talaka ba. Jagoranta Malam Aminu Kano mai tafsiri ne, hujjarsa kuwa tana cikin Alƙur'ani da Kitabul Farƙ, inda Shehu Usmanu ya soki jangali da gaisuwar mahukunta. Almajiransa, Rimi da Balarabe Musa, su suka soke haraji da jangali a jihohin Kano da Kaduna a 1979. A nan Maraɗi, Sawaba ta Djibo Bakary, da aka haramta a 1959, cikin masu salla ta yi saiwa. Can Peru ma, limamin Katolika Gustavo Gutiérrez da Linjila ya kare matalauta a littafinsa na 1971.

Malamin da ya karantar da Marx ya tsallake Malam Aminu, shi ke wasa wa masu ƙazafin wuƙa. Ɗalibi kuwa sai ya tashi yana zaton adalci baƙo ne a masallaci.