Rediyon Kaduna: Wa zai ci gaba da yi wa mutanen karkara magana?

A garuruwa irin su Kafin Dafga, a ƙaramar hukumar Ƙaraye da ke yammacin jihar Kano, akwatin rediyo ya daɗe yana cike gurbin jarida da makaranta da dandalin hira a lokaci guda.

Shekaru da dama, tashar da ta fi ɗaukar wannan nauyi a arewacin Najeriya ita ce Rediyon Najeriya na Kaduna, wadda gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta kafa a shekarar 1962.

Tun farko an san ƙarfinta: ta wannan tasha ce Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya yi jawabin juyin mulkin ranar 15 ga Janairun 1966. A ƙarshen shekarun 1970 kuma gwamnatin soja ta haɗe ta cikin hukumar gidajen rediyon tarayya, FRCN.

Yini guda, kowa da rabonsa

Abin da ya bambanta tashar shi ne yadda take raba yini tsakanin masu sauraro mabambanta.

Mai son labarun ƙananan hukumomi da ƙauyuka yana da Jakar Magori. Mai son jin an titsiye masu mulki yana da Hannu Da Yawa, inda gwamnoni da ministoci kan amsa tambayoyi da Hausa. Wasannin kwaikwayo irin su Samanja na marigayi Usman Baba Pategi sun koyar da zaman tare cikin raha, ga kuma filayen gaishe-gaishe da kiɗan gargajiya da na noma da kiwon lafiya.

A watan azumi, ta nan ne miliyoyin mutane suka saba da tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga masallacin Sultan Bello, da kuma na Sheikh Ɗahiru Usman Bauchi. Ban da Hausa, akwai shirye-shirye cikin Fulatanci da Kanuri da Nufanci.

Amfanin wannan tsari shi ne, wanda ya kunna rediyo don jin waƙa ko wasa, kafin ya kashe ya ji sanarwar rigakafi ko bayani kan takin zamani. Manomin rani a gefen madatsar ruwa ta Challawa da ɗan kasuwar Rogo da malamin makaranta a Zariya duk labari ɗaya suke ji.

Shigowar tashoshin FM

Al'amura sun fara sauyawa ne a 1992, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar kula da kafafen watsa labarai, NBC, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Gidan rediyon Freedom ya fara aiki a Kano a 2003, wasu da dama suka biyo baya.

Babu shakka hakan ya faɗaɗa 'yancin faɗin albarkacin baki. Talaka ya samu damar buga waya ya kai kukansa kai tsaye, abin da ba kasafai tashar gwamnati ke bari ba. Dama dai an daɗe ana sukar FRCN da cewa tana ƙarƙashin ma'aikatar watsa labarai, don haka takan karkata ga gwamnati mai ci.

Sai dai tashar kasuwanci da talla take rayuwa, masu talla kuwa a birni suke. Wannan ya sa filayen siyasa da ake saye, waɗanda sojojin baka suka mamaye, suka fi samun lokaci mai tsada, yayin da shirin noma ko na lafiyar mata kan jira mai ɗaukar nauyi.

Ga kuma batun nisa: zangon FM ba ya kaiwa inda matsakaici da gajeren zango ke kaiwa, su kuwa manyan na'urorin waɗannan zanguna suna cin wuta da man dizal mai yawa, a daidai lokacin da farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabi.

Ƙofofin da ke rufewa

Tashoshin ƙetare, waɗanda a da suke cike giɓi, su ma ba su tsira ba. A watan Maris na 2025 shirye-shiryen Muryar Amurka suka tsaya sakamakon umarnin Shugaba Donald Trump. A Jamhuriyar Nijar, gwamnatin soja ta dakatar da RFI a 2023, ta kuma dakatar da BBC na tsawon wata uku a Disambar 2024.

A cikin gida ma, a watan Mayun 2025 gwamnatin jihar Kano ta sanar da hana watsa shirye-shiryen siyasa kai tsaye, tana mai cewa don a magance kalaman ɓatanci ne, matakin da ƙungiyoyin kare 'yancin 'yan jarida suka soka.

Wasu na ganin wayar salula za ta maye gurbin rediyo. To amma saƙon murya da ke yawo a WhatsApp ba shi da edita, ba shi da wanda za a tuhuma idan ya zama ƙarya. Kuma ga al'ummomin Rogo da Ƙaraye, da ke maƙwabtaka da jihohin Kaduna da Katsina masu fama da 'yan bindiga, jita-jita guda kan hari na iya watsa kasuwa ko ta jefa baƙo cikin haɗari.

Saboda haka buƙatar tashar ƙasa mai shirye-shirye iri-iri ba ta gushe ba. Abin da zai dawo mata da martabarta abu biyu ne: kuɗin gyara na'urorin da za su kai murya ƙauye, da kuma dokar da za ta raba ɗakin labarunta da ofishin minista, ta yadda manomin Kafin Dafga zai ji ta, ya kuma yarda da abin da ya ji.