Ku tambayi daren yaron, ba jarrabawa kaɗai ba

Akwai iyaye a Agege da Ogba da suka sayar da fili suka tura yara karatu Arewacin Cyprus. In an yi waya, tambayar ba ta wuce "Yaya jarrabawa?"

Garin Girne kuwa cike yake da gidajen caca da na rawa. Yaron da ake kulle wa ƙofa ƙarfe goma a gida, can babu mai ce masa dawo. Ko bai kusanci giya ba, shisha na jiransa, wai ai ƙamshin 'ya'yan itace ne kawai. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa zaman shisha na awa ɗaya na iya kai hayaƙin sigari 100.

Abin da ya fi damuna, Turkiyya ce kaɗai ta amince da yankin a matsayin ƙasa, Nijeriya ba ta da ofishin jakadanci a can. A 2020 shugabar NIDCOM, Abike Dabiri-Erewa, ta ja kunnen iyaye bayan mutuwar wasu ɗalibanmu a yankin.

Daga Legas ba a hana yaro fita. Amma Alhaji, Hajiya, ku karɓi lambar abokin ɗakinsa, ku tabbatar inshorar lafiyarsa na aiki, kuɗin kashewa kuma a riƙa turawa wata-wata, ba na shekara a dunƙule ba.